Mu Koyi Karanta Takardar Tabarau

Idan mutum ya je awon ido, akan ba shi 'yar takarda mai haruffa da lambobi, a ce ya kai wa masu haɗa tabarau. Yawancinmu ninke ta muke yi mu sa a aljihu. Wani yakan ga farashi ya yi masa tsada, sai ya bi ta kasuwa ya sayi tabarau na kan tire. Wani ya ari na maƙwabci. Wani kuma ya biya kuɗi masu yawa, a haɗa masa abin da bai yi daidai da takardar ba, ya yi wata guda yana fama da ciwon kai bai san dalili ba. A wannan darasi za mu bi takardar layi-layi, domin mu da muke aiki cikin jama'a mu iya karanta ta, mu kuma bayyana wa wasu.

Girman matsalar

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da raunin gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu da an iya hana matsalarsu ko a magance ta. Kimanin miliyan 826 daga ciki ba su rasa komai ba sai tabarau na ganin kusa. A Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama ya nuna cewa yanar ido ce kan gaba wajen makantarwa, amma rashin tabarau shi ne babban dalilin raunin gani mai sauƙi da matsakaici.

Abin ya shafi abin sawa a baki. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018, an ba masu tsinkar ganyen shayi a jihar Asam ta Indiya tabarau na ganin kusa, sai yawan abin da suke tsinka ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Mu tuna da tela da ya kasa zura zare a allura, da mai saƙa, da mai gyaran waya, da uwa mai tsince tsakuwa a shinkafa, da mai karanta wa mara lafiya rubutun jikin kwalbar magani.

Yadda ido yake gani

Haske yana shiga ta fatar gaban ido mai kama da gilashi, ya ratsa wani ɗan madubi da ke ciki, su biyun su tattara shi wuri guda a kan labulen da ke bayan ido. Idan hasken ya haɗu daidai a kan labulen, muna gani tar. Idan ya haɗu kafin ya kai, ko ya kai bai gama haɗuwa ba, sai mu ga dishi-dishi. Aikin tabarau shi ne ya lanƙwasa hasken kaɗan tun kafin ya shiga ido, domin ya sauka inda ya kamata. Lambobin takarda suna faɗa wa mai haɗa tabarau yawan wannan lanƙwasa da kuma ɓangaren da za a yi ta.

Mataki na 1: Wane ido ake nufi?

Kowane ido yana da nasa layi, kuma na dama ne a sama.

- R ko RE ko OD: idon dama.
- L ko LE ko OS: idon hagu.
- OU ko BE: duka biyun.

Haruffan OD da OS daga Latin suka fito. Wanda aka auna a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai zai ga OD da OG, domin da Faransanci ake rubutawa, kuma OG shi ne hagu. A takardun Faransanci waƙafi ake sawa a maimakon ɗigo, wato 1,50 a maimakon 1.50. Dama da hagu na mai tabarau ake nufi, lokacin da yake sanye da shi.

Mataki na 2: SPH, ƙarfin gilashi

Wannan ita ce lamba ta farko. Ana auna ƙarfin gilashi da ma'aunin da ake kira dayofta, wanda wani likitan ido Bafaranshe mai suna Ferdinand Monoyer ya kawo shawararsa a 1872. Lambobin suna hawa ne kwata-kwata: 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, haka har sama. Yadda lamba ta yi nisa da sifiri, haka gilashin yake da ƙarfi. Abin da za mu fara dubawa shi ne alamar da ke gaban lambar.

*Alamar ɗebewa (-).* Mai wannan alama yana ganin kusa sosai, nesa ce ke yi masa hazo. Ƙwayar idonsa ta ɗan fi tsawo, don haka haske yana haɗuwa kafin ya kai labule. Shi ne yaron da ke ƙanƙance ido yana kwafa daga littafin abokinsa saboda bai ga allo ba. Akwai lissafi mai sauƙi da zai nuna mana halin da yake ciki: mu raba 100 da lambar, amsar ita ce santimita nawa yake gani sarai ba tare da tabarau ba. Mai -1.00 yana gani sarai zuwa mita ɗaya. Mai -2.00, santimita 50, kamar kamu guda. Mai -4.00, santimita 25 kawai, taƙi da ɗan ƙari. Idan muka faɗa wa uba cewa 'yarsa mai -4.00 ba ta ganin abin da ya wuce taƙi ɗaya sarai, zai fahimci dalilin faɗuwarta a jarrabawa fiye da in mun karanta masa lamba. Mai -6.00 zuwa sama ya riƙa zuwa asibiti kowace shekara a duba bayan idonsa, domin labulen dogon ido ya fi saurin yagewa.

*Alamar tarawa (+).* A nan ƙwayar ido ta ɗan gajarta, sai idon ya riƙa yunƙuri kafin ya gani, musamman a aikin kusa. Yaro ko saurayi yakan iya ɓoye wannan da ƙarfin idonsa, ya karanta allon gwaji har ƙasa, amma ya riƙa kukan ciwon kai da gajiya in ya daɗe yana karatu. Shi ya sa ake ɗiga wa yara magani kafin a auna su, domin idon ya saki jiki. Maganin yakan sa gani ya dushe na wasu sa'o'i, wani iri kuma na kwanaki, sannan ya washe.

Idan muka ga PL ko Plano ko 0.00, wannan ido ba ya bukatar ƙarfi a wannan gurbi. Idan aka rubuta DS bayan lamba, ma'anarsa babu CYL.

Mu kula sosai da alamar nan. Tabarau mai +2.00 da mai -2.00 kishiyoyin juna ne. Idan biro ya cije, ko tawada ta goge, kada mu yi ƙiyasi, mu koma wurin wanda ya rubuta.

Mataki na 3: CYL da AXIS

Gaban ido ya kamata ya zama kamar bayan ƙwarya, lanƙwasarsa ɗaya ta kowane ɓangare. Na wasu mutane kamar bayan cokali yake, ya fi lanƙwasa ta wani ɓangare. Irin wannan ido yana ganin abubuwa da 'yar inuwa ko a jaye, na kusa da na nesa, kuma fitilun mota da dare sukan yi masa jela. Abu ne da ya zama ruwan dare, yawanci da shi ake haihuwar mutum.

CYL yana nuna yawan bambancin lanƙwasar, shi ma da dayofta. AXIS kuma yana nuna kwanciyar da za a yi wa wannan gyara a cikin firam, daga digiri 1 zuwa 180. Digiri 90 a tsaye yake kamar turke, 180 a kwance kamar tabarma.

Abu uku za mu riƙe:

1. AXIS ba ya nuna tsananin matsala. Mai 170 bai fi mai 20 ciwo ba. Mutane da yawa sukan tsorata da ganin 180.
2. Ba a rubuta CYL ba tare da AXIS ba. Idan ɗaya ya ɓace, takardar ba ta cika ba.
3. Lambobin zagayowa suke yi, 180 tana maƙwabtaka da 1. Tsakanin 175 da 5 digiri goma ne kawai.

Wani lokaci asibiti biyu sukan ba mutum takardu masu kama da saɓani, alhali abu ɗaya suka faɗa. Wani yana rubuta CYL da alamar ɗebewa, wani da alamar tarawa. Misali, +2.00 / -1.00 x 90 daidai yake da +1.00 / +1.00 x 180. Ga yadda za mu gwada: mu haɗa SPH da CYL mu sami sabon SPH, mu juya alamar CYL, sannan mu ƙara 90 a kan AXIS ko mu ɗebe 90 yadda ba zai wuce 180 ba. A takardun Faransanci CYL yakan kasance cikin baka biyu.

Mataki na 4: ADD, ƙarin ƙarfi don aikin kusa

Daga wajen shekara 40, madubin cikin ido yana fara tauri, ya daina saurin sauya siffa. Sai mutum ya fara miƙa hannu da takarda nesa, ko ya fita rana kafin ya karanta saƙon waya. Wannan hanya ce da kowa zai bi idan rai ya yi tsawo. ADD shi ne ƙarin da ake yi domin wannan. Kullum alamar tarawa yake ɗauka, yawanci daga +0.75 zuwa +3.00, kuma galibi ɗaya ne a idanu biyu. Yana hawa da shekaru: kimanin +1.00 a farkon shekaru 40, kimanin +2.00 a wajen 50, kimanin +2.50 a wajen 60.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne su ga ADD +2.00 su tafi kasuwa neman tabarau mai +2.00. Dole a haɗa ADD da SPH tukuna.

- SPH +1.00, ADD +2.00: ƙarfin karatu +3.00.
- SPH -1.00, ADD +2.00: ƙarfin karatu +1.00.
- SPH -2.50, ADD +2.50: sifiri. Wannan mutum cire tabarau kawai zai yi ya karanta.

Mai ADD yana da zaɓi. Zai iya yin tabarau biyu, na nesa da na karatu. Zai iya yin guda mai hawa biyu, sama don nesa, 'yar taga a ƙasa don kusa. Akwai kuma wanda ƙarfinsa ke sauyawa a hankali ba tare da layi ba, shi ya fi tsada, kuma yana son awo mai kyau. Tabarau na karatu zalla ba a tafiya da shi, ba a tuƙi da shi.

Mataki na 5: PD

PD shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar baƙin idon dama da na hagu, da milimita. Na yawancin manya yana tsakanin 54 da 74. Kowane gilashi yana da cibiya, kuma dole cibiyar ta zauna a gaban tsakiyar ido. Idan ta goce, musamman a gilashi mai ƙarfi, sai ido ya riƙa ja, kai ya yi ciwo, wani ma ya ga abu biyu-biyu. Idan muka ga 64/61, ta farko ta nesa ce, ta biyu ta kusa, domin idanu suna matsowa juna lokacin karatu. Idan muka ga 32/31, an auna kowane ido daga karan hanci ne. A takardar Faransanci EP ake rubutawa.

Wasu takardu ƙalilan suna da gurbin PRISM da BASE. Wannan na masu idanun da ba sa tafiya tare ne, kuma a yawancin takardu babu komai a wurin.

Lambobin 6/6 da 6/18

Waɗannan sakamakon gwajin allo ne, ba a haɗa tabarau da su. Allon haruffan ya samo asali daga wani likita ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, a 1862, kuma akwai mai harafin E yana fuskantar ɓangarori dabam-dabam domin waɗanda ba su yi karatu ba. Lambar sama ita ce nisan da aka tsaya, mita 6. Wanda aka rubuta wa 6/18, abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 18 shi sai ya matso mita 6. 6/6 shi ne cikakken gani. Amurkawa suna ce masa 20/20 domin da ƙafa suke awo, a ƙasashen Faransanci kuma 10/10. Ganin da ya gaza 3/60 a idon da ya fi kyau shi Hukumar Lafiya ta Duniya take ƙirgawa makanta.

Mu gwada tare

*Takarda ta farko, ta ɗaliba mai shekara 14:*
OD -1.50 / -0.50 x 180
OS -2.00 DS
PD 60

Idanu biyu suna da matsalar ganin nesa. Na hagu yana gani sarai zuwa santimita 50 kawai. Na dama yana da ɗan CYL a kwance. Babu ADD, kamar yadda ya dace da shekarunta. Tabarau na karatu da ake sayarwa a kasuwa zai ƙara dusashe mata allo, dole a haɗa mata nata.

*Takarda ta biyu, ta tela mai shekara 52:*
RE +0.75 DS
LE +1.00 DS
ADD +2.00
PD 64/61

Ƙarfin aikin kusa shi ne +2.75 a dama, +3.00 a hagu. Babu CYL, idanun kuma sun kusa daidai. Idan kuɗi sun yi ƙaranci, tabarau na shirye mai +2.75 ko +3.00 zai iya yi masa aikin ɗinki, ya gwada da zare da allura a hannu kafin ya biya.

Tabarau na shirye, na aro da na kyauta

Tabarau na shirye yana da ƙarfi ɗaya a gilasai biyu kuma ba shi da CYL. Yana da amfani ga babba mai ganin nesa lafiya, wanda kusa ce kawai ta gagare shi. A zaɓi mafi ƙarancin ƙarfin da ake karatu da shi cikin sauƙi a tazarar santimita 40. Bai dace da yara ba, ko mai alamar ɗebewa, ko mai babban CYL, ko wanda idanunsa suka bambanta sosai.

Tabarau da aka haɗa wa wani, da awon wancan aka yi shi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Haka ma tsofaffin tabarau da akan tara a kwali a aiko kyauta. Kafin mu raba, sai ma'aikacin ido ya auna kowanne da na'ura. Mu kanmu za mu iya tantancewa ta farko:

- Mu riƙe gilashin nesa da ido kaɗan, mu dubi gefen ƙofa, mu motsa shi dama da hagu. Idan ƙofar ta bi hannunmu kuma abubuwa sun ƙanƙance, ɗebewa ne. Idan ta yi kishiyar hannunmu kuma abubuwa sun girma, tarawa ne.
- Mu juya gilashin kamar sitiyarin mota. Idan layin ƙofar ya riƙa karkacewa, akwai CYL, a ware shi gefe.
- Gilashin tarawa, mu tsaya a cikin ɗaki mu tattara hoton wani abu mai nisa da ke wajen taga a jikin bango har ya fito sarai. Mu auna tazarar da santimita, mu raba 100 da ita. Tazarar 50 tana nufin +2.00, tazarar 40 kuma +2.50.

Abin da takardar ba ta faɗa

Takardar tabarau ba shaidar lafiyar ido ba ce. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, yana cin gani daga gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mutum zai iya karanta 6/6 yana ɗauke da shi. Duk wanda ya kai 40, musamman idan akwai mai cutar a danginsa, ya roƙa a auna masa ƙarfin ruwan ido a duba jijiyar gani, ko da tabarau na karatu kawai ya je nema.

Mai ciwon sukari lambarsa takan sauya idan sukari ya hau, don haka a daidaita sukarin kafin a kashe kuɗi a kan tabarau. Tsohon da ya wayi gari yana karatu ba tabarau bayan ya daɗe yana sawa, sau da yawa yana ce ta fara. Yana kuwa aiki ake yi mata a asibiti. Kada a kai ta wurin masu soke ido da tsinke.

Ga gwaji mai sauƙi. Mu huda kwali da allura mai kauri, rami kamar milimita ɗaya, mutum ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta ramin da ɗayan. Idan gani ya ƙaru, akwai alamar tabarau zai taimaka. Idan bai ƙaru ba, a tura shi asibiti. Wanda ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi, ko ya ji rauni a ido, ko yake ganin walƙiya da wani labule yana saukowa, a kai shi a ranar. Akwai sashen ido a manyan asibitocin jihohi da na koyarwa, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Mu kuma kwantar wa iyaye hankali cewa tabarau ba ya lalata ido. Lambar yaro mai alamar ɗebewa takan hau ne saboda ido yana girma tare da jiki. Hana ƙaramin yaro tabarau shi ne ke da haɗari, domin idon da bai saba gani sarai ba kafin wajen shekara 7 ko 8 yana iya zama rago har girma.

Kafin a bar asibiti da shago

1. A karɓi takardar a hannu, da kwanan wata da sa hannun wanda ya auna. A ɗauki hotonta a waya.
2. A tabbata kowace lamba tana da alamarta, kowane CYL da AXIS ɗinsa, kuma an rubuta PD.
3. A tambaya: na nesa ne, na kusa ne, ko na kullum?
4. Ranar karɓa, a gwada kowane ido shi kaɗai.
5. Sabon tabarau yakan ɗauki kwanaki kafin a saba. Idan an yi mako biyu kai bai daina ciwo ba, a koma da shi da takardar a sake aunawa.
6. Yara su sake awo kowace shekara, manya kamar bayan shekara biyu. Kada a haɗa sabon tabarau da tsohuwar takarda.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

- Su wa a garinmu suka rage sana'a ko suka bar ta saboda ba sa ganin kusa?
- Me mutanenmu suke faɗa game da yaro ko budurwa mai sa tabarau? Yaya za mu amsa musu?
- Ina ne wurin awon ido mafi kusa da mu, wace rana suke aiki, nawa ne kuɗin mota da na awo?
- Asusun adashenmu zai iya ba memba rancen kuɗin tabarau?
- Wane malami za mu roƙa ya rubuta mana sunayen yaran da ba sa ganin allo daga bayan aji?

A taro mai zuwa, duk mai takardar tabarau a gida ya zo da ita. Za mu rufe sunan, mu kwafi lambobin a allo, mu karanta su tare daga mataki na 1 zuwa na 5.